Sallar Yaro a Shekarar Makoki

Akwai tambayar da ta yi ta yawo a bakin iyaye a jihar Gadarif tun daga watan Afrilun 2023, kuma har yau ban ji wanda ya kashe bakinta ba. Idan gidan da ke jikin naka ana zaman makoki, ko an sauke baƙin da yaƙi ya koro ba su da ko tabarmar kwanciya, shin ya dace ka shirya wa ɗanka ƙarami Sallah, ka yi masa kwalliya, ka zauna da shi a tsakar gida kuna ƙera abin wasa kuna dariya? Ko kuwa kara ta wajabta maka ka naɗe komai ka ajiye har ranar da ƙasa za ta lafa?

Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi zai iya ganin ƙaramar magana ce idan aka gwada ta da abin da ya sami Sudan. To amma a cikin gidaje ita ake ta jujjuyawa. Yaƙin ya ɓarke a Khartum ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, a goman ƙarshe na azumi, daidai lokacin da mata suka tanadi fulawa da sukari da mai don yin khabiz, wato cincin da biskit na Sallah da maƙwabta ke haɗuwa su yi tare, teloli kuma suna kwana a kan keke. Kwana shida bayan haka aka yi Idi. A lokacin da yawanmu mun ɗauka abin na mako biyu ne. Sai ga Wad Madani ta faɗi a watan Disamba na shekarar, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, mutane suka yi ta kwararowa gabas, makarantun Gadarif suka koma masauki, aji ɗaya iyalai da dama an raba tsakani da zane. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka bar gidajensu a cikin ƙasar sun haura miliyan 10. Tun daga nan babu Sallar da ta zo, babu Mauludi, babu sunan da aka raɗa, face wannan tambaya tana tsaye a bakin ƙofa.

Ni 'yar Basunda ce, can kudancin jihar dab da iyakar Habasha, ƙasar dawa da riɗi da baƙar laka. Aikina magana ce a rediyo, ina gabatar da shirin iyali da harshen Hausa a garin Gadarif, kuma duk wata hidima idan ta taso nakan ɗauki 'yata mu koma Basunda wajen mahaifiyata. Shekarar yarinyar biyar yanzu. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, 'yar fari ce, masu karatu Hausawa sun san dalili. Ma'ana dai ba ta san wata Sallah ba sai ta zamanin yaƙi. Duk abin da za ta tuna idan ta girma aka ce mata Sallar ƙuruciya, daga cikin waɗannan shekarun za ta ɗebo shi.

Bari in fara da masu cewa a bari, domin hujjarsu ba ta wasa ba ce. Ana saura kwanaki a yi Ƙaramar Sallah ta 2024 na buɗe layi a shirina na jefa wannan tambaya. Maza da yawa suka kira suka yi wa'azi, wasu suka yi ƙorafin tsada, kuma da gaskiyarsu: dalar da ake canzawa wajen fam 600 kafin yaƙi, a cikin shekarar nan ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Amma kiran da ya tsaya mini a rai na wata mata ne da ta gudo daga Madani da 'ya'ya uku, tana zaune a wata makarantar firamare. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "'Yar uwa, ba mu ce kada ku yi Sallah ba. Ku yi abinku, Allah ya maimaita muku. Amma don Allah ku rufe ƙofa, kada 'ya'yanmu su gani." Ta kashe waya.

A karatun difloma na aikin jarida an koya mana cewa kada a bar iska ta yi shiru fiye da 'yan daƙiƙu. Ran nan sai da mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu ta bayan gilashi.

Abin da matar nan ta roƙa shi ne abin da Bahaushe ke kira kara: ka danne abin da kake da haƙƙin yi saboda idon wani. Da ita aka rene mu. Ba ka cin nama a gaban mai jin yunwa, ba ka yabon ɗanka a gaban wadda ba ta haihu ba, ba a kiɗa a unguwar da aka yi rasuwa. Goggona, ƙanwar mahaifina, a kan wannan ta tsaya har yau. A ganinta duk uwar da ta zauna tana yi wa yarinya 'yar tsana a shekarar da ake binne mutane a tsakar gidajensu saboda ba a iya kaiwa maƙabarta, to zuciyarta ta bushe. Tana kuma da hujja ta biyu wadda ta fi ta farko kaifi, wai biki a irin wannan lokaci ƙarya ce ake yi wa yaro, ana nuna masa duniya lafiya lau alhali ba haka take ba.

Ban yarda da ita ba, amma na daɗe kafin in iya faɗin dalili.

Abu na farko da ya ba ni ƙafar tsayawa daga addini ya zo, ko da yake ni ba malama ba ce. Malamai sun sanar da mu cewa haramun ne a yi azumi ranar Idi, kuma ba a keɓe wanda ke cikin baƙin ciki ba. Zaman makoki kwana uku ne, in ban da matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma. Zakkar fid-da-kai kuma kafin a tafi filin Idi ake fitar da ita, domin marar hali ya wayi gari da abin ɗorawa a wuta. Idan mutum ya lura, shari'a ta san sarai cewa ranar Sallah akwai mai ci akwai mai kallo, kuma maganin da ta kawo shi ne a jawo mai kallon cikin cin. Ba ta ce a soke Sallar ba.

Abu na biyu tarihinmu ne, mu Hausawan Sudan. Kakanninmu matafiya ne. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, suka yo gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sannar. Wasu alhazan ƙafa ne da suka bi ta Chadi da Darfur da Kordofan da niyyar Makka, tafiyar da kan ci shekaru, ana tsayawa a yi noma damina ɗaya ko biyu a tara guzuri a ƙara gaba, har da yawa suka zauna a Jazira da Kassala da nan Gadarif ba su koma ba. A gidanmu ana cewa kakar mahaifiyata a kan hanya aka haife ta, kuma a kan hanya aka raɗa mata suna ran bakwai, a ayarin da ya binne mutane a makon. Waɗannan mutane sun san makoki fiye da mu. Da sun ce sai sun isa inda hankali zai kwanta za su yi wa 'ya'yansu suna da Sallah da lalle, da tsara guda ta tashi ba ta san ko ɗaya ba, da kuma yau babu Hausar da zan yi magana da ita a rediyo. Akwatin kaya kuwa ba su zo da shi ba. Abin da ya tsallako Darfur tare da su shi ne abin da hannu ya iya: saƙar kaba, ɗinkin hula, gasa nama da ƙuli da yaji wanda yau duk Sudan ke kira agashe, damun gero da ake sayarwa da sunan godogodo.

Wannan ne ya kawo ni kan aikin hannu, wanda a ganina a nan tambayar take warwarewa, gwargwadon yadda za ta warware.

A Basunda bayan an yanke dawa, kara ba ya da mai shi. Ƙaramar Sallah ta 2024 ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, tsakiyar rani, kara ya bushe ƙayau. Mahaifiyata ce ta fara. Ta jawo kara ɗaya daga danga, ta sa haƙori ta ɓare bayansa siri-siri, ta fito da totuwar nan fara mai laushi, ta yayyanka ta gaɓa-gaɓa. Sai ta dubi jikarta ta ce, "Zo nan kishiya, in nuna miki abin da mijin namu ba zai iya saya miki ba." Ana lanƙwasa ɓawon a soka bakinsa biyu cikin totuwa, sai ga da'ira. Da'ira biyu da hannaye biyu sun zama tabarau. Huɗu da gangar jiki sun zama mota. An jera ɓawo a kan ƙafafu huɗu, ga angarib, gadon nan na igiya da babu gidan Sudan da ba shi. Ɓawon kara yana da kaifi kamar reza, kuma bai ɗauki lokaci ba ya tsaga wa yarinyar ɗan yatsa. Ta yi kuka, kakar ta tsotse jinin ta ce haka kowa ya koya, aka ci gaba.

Gam ba mu saya ba. Ƙaron da ake tsinta a jikin itatuwan dajinmu, wanda ake fitar da shi ta Port Sudan zuwa masana'antun lemon kwalba na duniya, idan aka jiƙa shi a ɗan ruwa ya kwana, yana liƙe takarda da ƙyalle. Launi kuma daga madafa ya fito: zoɓo ya ba da ja, kurkum ya ba da rawaya, shuni na wanki ya ba da shuɗi, gawayi baƙi. 'Yar tsana kara biyu ne a gicciye, an naɗe da guntayen atamfa da aka roƙo wajen tela, aka yi mata kitso da baƙin zare. Gwangwanin tumatir da aka huhhuda da ƙusa aka sa guntun kyandir a ciki ya zama fitilar daren Sallah. Kwana uku muka yi a kan wannan, da la'asar, lokacin da azumi ya fi nauyi kuma babu mai ƙarfin yin wani abu.

Ni kaina zaman nan sabon abu ne a wurina. A al'ada uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kaka ce ke wannan. Mahaifiyata ba ta taɓa zama da yayanmu ta yi masa motar kara ba. Amma ni da 'yata mu biyu ne a ɗakin haya a Gadarif, babu kaka babu goggo a kusa, kuma alkunyar da aka gina don gidan gandu mai mutum talatin, idan aka kawo ta ɗaki ɗaya sai ta koma kaɗaici ga yaro. Sunan dai na riƙe ban faɗa ba. Zaman kuwa na zauna.

Akwai jarrabawar da ke zuwa wa duk babban da ya zauna aiki da yaro, kuma ta ɗabi'a ce ko da ba a ɗauke ta haka ba. Yarinya ta gina sa da laka, ya fito da ƙafa biyar, ƙaho ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tozon ya zame gefe. Hannunka yana ƙaiƙayi ka gyara. Da yatsa biyu za ka mai da shi sa na gaske. Idan ka gyara kuwa, ya tashi daga nata ya koma naka, ita ma ta sani, za ka ga ta janye hannu tana kallo. Abin da nake yi shi ne in ɗebi tawa lakar in gina nawa a gefe, in ta so ta kwaikwaya, in ba ta so ba ta bari. Ba na kuma ce mata ya fi na kowa kyau, don yaro yana gane yabon ƙarya tun kafin ya iya ƙirga goma. Nakan tambaye ta ina san nan za shi, me ya sa ƙafarsa biyar. Amsar da na samu ita ce ta biyar ɗin ta hutawa ce idan sauran sun gaji. Ina ganin hotuna a Facebook da WhatsApp na abin da aka ce yaro ɗan shekara huɗu ya yi, gefe-gefe a daidaice kamar an auna da ma'auni, yaron na tsaye a baya yana murmushin da aka umarce shi. Wannan ma nuna isa ne, bai bambanta da na mai sayen rago mafi tsada a ɗaure a ƙofar gida ba, sai dai shi an yi shi da almakashi.

Yanzu ga maganar rufe ƙofa. A Basunda gidajenmu bukkoki ne na ciyawa da dangar kara, wane irin rufi za a yi? Ƙanshin suya yana tsallake danga, dariya ma haka. Yaron da aka rufe wa ƙofa ya san abin da ake yi a ciki, abin da aka ƙara masa kawai shi ne sanin cewa shi na waje ne. Wadda ke ciki kuma ta koyi cewa farin ciki abu ne da ake ɓoyewa kamar kayan sata. Amma ban ga laifin matar nan ba ko kaɗan, domin abin da take tsoro gaskiya ne idan bikin na saye ne. 'Yar tsanar roba guda ɗaya ce, tana da farashi, kowa ya san farashin, kuma ba ta rabuwa biyu. Yaro goma suka kewaye ta, tara kallo za su yi. Kara da laka ba haka suke ba. Yaro goma suka shigo, sai a ƙara jawo kara goma daga danga. Baƙar lakar nan da ke haɗiye tayar manyan motoci da damina har a yi kwanaki ba a fita gari, ba ta ƙarewa don yara sun ɗiba. Shi ya sa mai wannan irin biki yake iya barin ƙofarsa a buɗe ba tare da ya tozarta kowa ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya yi azumi a Sudan ya san maza ba sa buɗa baki a cikin gida. Ana shimfiɗa tabarmi a kan titi, kowane gida ya fito da tirensa na asida da hilu-mur, mai wucewa a tare shi dole ya zauna. A ƙauyukan Jazira har kan babbar hanya ake fita a tsayar da motocin matafiya ana rantsuwa sai sun sauko. Mutanen da suka saba da wannan sun riga sun san yadda ake cin abu a bainar jama'a ba tare da an ci fuskar marar shi ba. Abin da ya rage shi ne a yi wa yara irin abin da ake yi wa manya.

Babbar Sallah ta shekarar ta zo tsakiyar Yuni, ruwa ya fara sauka, ƙasa ta yi laushi. A lokacin wani maƙwabcinmu ya sauke dangin matarsa daga Madani, cikinsu da yaro ɗan shekara bakwai wanda ba ya magana sai an tambaye shi. Ya shigo da sauran yara ya tsuguna a bakin lakar. 'Yan Basunda suna gina shanu da raƙuma da tukwane. Shi kuwa ya gina mota a-kori-kura, ya yi mata tayoyi huɗu, ya karyo tsinke ya kafa a bayanta yana kallon sama. Babu wanda bai gane ko mece ce ba. Goggo ta miƙa hannu za ta rushe, ta ce ba a kawo mana wannan ranar Sallah. Mahaifiyata ta riƙe mata hannu ta ce, "Bar masa, Yaya ba ta hana shi gani ba, ke za ki hana shi ginawa?" Da Yaya tana nufin kakar yaron, wadda ta girme ta.

A nan hujjar goggo ta biyu ta faɗi a wurina, wato cewa biki ƙarya ce ake yi wa yaro. Yaran nan babu abin da aka ɓoye musu. A 2005 ma'aikatan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch sun je sansanonin 'yan gudun hijirar Darfur a iyakar Chadi, suka ba yara takarda da fensir mai launi don su sami abin yi yayin da ake hira da iyayensu. Ba wanda ya ce musu ga abin da za su zana, sai ga jirage suna sakin bam, ga mahaya da bindigogi, ga bukkoki suna ci da wuta. Can baya kuma, a sansanin Terezin da 'yan Nazi suka tsare Yahudawa a ƙasar Cek, wata mai zane, Friedl Dicker-Brandeis, ta riƙa koya wa yara zane da guntayen takardun da aka samu. Kafin a tafi da ita Auschwitz a 1944, inda aka kashe ta, ta ɓoye zane sama da 4,000 a cikin akwatuna biyu, suna nan a birnin Prag har yau. A cikinsu akwai abin tsoro, akwai kuma furanni da teburin cin abinci na gida. Yaro yana ɗauke da duka biyun, kuma idan aka ba hannunsa abin yi, shi yake zaɓar wanda zai fitar. Wanda ya hana shi laka bai kare shi daga komai ba, bakinsa kawai ya toshe.

Ba zan ce yaron nan ya warke ba. Washegari wata motar ya sake ginawa, jibi ma haka, sai da suka kai biyar a jere a gindin danga. Abin da na gani kawai shi ne ranar Sallah da yamma an ɗora san nan mai ƙafa biyar a bayan ɗaya daga ciki, an cire tsinken don ya sami wuri, su biyu suna gardamar ko kasuwar Gadarif za a kai shi ko Galabat.

Kada kuma in sa wa abin zuma fiye da kima. Lokaci ma dukiya ne. Matar da ke kwana a aji da iyalai shida, ta wuni a layin ruwa da layin rabon abinci, ba ta da la'asar uku da za ta zauna ɓare kara, kuma a tsakiyar garin Gadarif karan ma sai an saya. Idan na ce kowa ya yi yadda muka yi, na zama mai ƙoshi da ke koya wa mayunwaci girki. Nauyin yana kan mai tsakar gida da danga da kaka, shi zai kira. Haka nan ba na cikin masu zagin kayan kasuwa. Amaryar Mauludi da dokin sukari masu ruwan hoda da ake sayarwa a filin Mauludi, waɗanda duk yaron Sudan yake mafarkinsu, su ma hannu ne ya zuba su ya yi musu ado da takarda, kuma masu yin su da su suke ciyar da gida. 'Yata ma da za a ba ta zaɓi tsakanin 'yar tsanar kara da ta roba mai gashin zinariya da ta gani a kasuwa, na san wadda za ta ɗauka, ba ta ɓoye mini ba. Sannan akwai iyaka tsakanin wannan zama da aikin da ake sa yara. A watan Oktoba lokacin yankan riɗi, wanda ba ya jira domin kwansonsa na fashewa ya zube, za ka ga yara a gona tun asuba, su ma aikin hannu suke yi tare da iyayensu. Bambancin da na iya ganewa shi ne, a tsakar gidanmu yarinya tana iya miƙewa ta bar san a rabi ta bi kaza da gudu, babu mai kiran ta.

Akwai wuraren da kara ce ke da gaskiya, ban musa ba. Da aka kawo labarin rasuwar ɗan wani gida a layinmu ana jibi Mauludi, kwana ukun nan babu yaron da ya ɗaga murya a gidanmu, fitilun gwangwani ba a kunna ba, abin da aka dafa can aka kai. Yarinyar ta tambayi dalili aka gaya mata gaskiya daidai hankalinta, ta kuma bi kakarta gaisuwa ta zauna shiru a gefen tabarma. Wannan ma wani abu ne da ake koya da zama kusa da babba, kamar ɓare kara. Amma kwana uku ne, ba shekara uku ba.

Inda har yau ban sami mafita ba shi ne kayan Sallah. Riga ba ta ginuwa da laka. Ranar Idi da safe yara suna fitowa, kuma ido yana rarrabe sabon ɗinki da tsohon da aka wanke aka goge, ko an buɗe ƙofa ko an rufe. A nan maganar matar Madani tana nan da ƙarfinta. Shekarar nan ban ɗinka wa 'yata sabo ba, na kuma san ba kowace uwa za ta yarda da ni ba, har mahaifiyata sai da ta yi mini faɗa ta ce yarinya ba ita ta jawo yaƙi ba. Abin da muka iya shi ne lalle. Aka kwaɓa kwano guda da daddare, duk yarinyar da ke layin, 'yar gari da baƙuwa, ta miƙo hannu, aka ɗaure musu da leda da tsumma suka kwana a tabarma ɗaya. Da safe hannaye duka ja iri ɗaya, riguna kuwa kowa da irin tasa, kuma na ga wata 'yar Madani tana jan hannun rigarta da ta yi mata kaɗan don ya rufe wuyan hannu. 'Yata ta tambaye ni a hanyar Idi ko baɗi za a ɗinka mata. Na ce in Allah ya kai mu za mu gani. Ta ce haka na ce bara.

Matar nan ba ta sake kira ba, ko kuma ta kira layin bai shiga ba. Bayan sojoji sun karɓe Madani a watan Janairun 2025 mutane da yawa sun koma, dangin maƙwabcinmu ma sun tafi da yaronsu. Motocinsa biyar da san mai ƙafa biyar ba su kai ko'ina ba, ruwan Yuli ya narkar da su a gindin danga tun a shekarar. Da na je gida bayan girbin bana na tarar mahaifiyata ta zaɓi kara masu kauri ta ɗaure dami guda, ta rataye a cikin rufin bukka inda awaki da gara ba za su kai ba. Na tambaye ta na mene ne, ta ce na kishiyarta ne da duk wanda ya biyo ta.